Cikin Baƙuwa a Malesiya: Lissafin da Ya Kamata Kowane Gida Ya Yi Tun Watan Farko

Jawabin da wata 'yar'uwa mai aikin sa kai ta gabatar a zaman iyalai na wata-wata a Kuala Lumpur



Malamanmu, dattawanmu, iyayena mata, yayyena da ƙannena, sannunku da fitowa. Na san wasu daga Kajang suka taso, wasu daga Cyberjaya, wasu daga Gombak, ga ruwan yamma ga cunkoson hanya. Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan kuɗin asibiti da inshora, musamman abin da ya shafi mace mai ciki. Ni 'yar kasuwa ce, aikina a kwamitin nan kuwa rakiya ne: in kai mace asibiti, in karanta mata takarda, in tsaya a wurin biya. Saboda haka lissafi zan yi muku irin na kasuwa. Nawa ne, wa zai biya, kuma yaushe ake son kuɗin.

Mu fara da ba ƙasar nan haƙƙinta. A 1950, cikin kowace haihuwa 100,000 a nan, mata fiye da 500 ne ke rasuwa. A 2022 adadin ya sauko zuwa 26. Ku auna wannan da Najeriya, inda ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan 1,000. Ba da wani magani na ɓoye suka yi ba. Sun horar da ungozomomi suka raba su ƙauyuka, sun gina ƙananan asibitoci kusa da jama'a, sun jawo ungozomomin gargajiya suka yi musu rajista maimakon su kore su. Tun 1989 suke manna wa littafin awo alamar launi: fari, kore, rawaya ko ja, gwargwadon hatsarin da ke tattare da cikin. Mai ja nan take ake tura ta babban asibiti. Tun 1991 kuma duk macen da ta rasu a dalilin ciki ko haihuwa, sai likitoci sun zauna sun bi diddigin abin da ya faru, don kada a maimaita.

Muna zaune ke nan a ƙasar da ta san yadda ake ceton uwa. Asibitin Tunku Azizah na mata da yara yana nan tsakiyar gari, kusa da Babban Asibitin Kuala Lumpur. Asibitin unguwa da suke kira Klinik Kesihatan yana ko'ina. Ruwa na kusa, abin tambaya shi ne guga.

Ga farashin gugan. 'Yar ƙasa tana zuwa awo kyauta. In ta je ganin likita don wata larura, ringit 1 take biya. In ta haihu a ɗakin kwanciya mai daraja ta uku, kuɗin karɓar haihuwa ringit 10 ne, tiyata kuma 100. Gwamnati ce ke ɗauke da sauran daga kuɗin haraji. A 2014 aka fitar da sabuwar dokar kuɗin asibiti da ta cire wa baƙi wannan tallafi. An ce za a riƙa ƙari a hankali, amma daga Janairun 2016 aka koma karɓar cikakken kuɗi. A ƙarƙashin wannan doka baƙuwa tana biyan ringit 40 duk zuwa asibitin unguwa, 120 in ƙwararren likita za ta gani, ban da gwajin jini da hoton ciki. Haihuwa da kai ta haura ringit 2,500, tiyata kuma tana wajen 3,000. Kuɗin gado, da magani, da kula da jariri in ya zo da matsala, duk daban ne. Tun 2017 kuma kuɗin ajiya da ake karɓa kafin a ba mai haihuwa gado ya koma ringit 2,800.

Ku riƙe lambobi biyu a kai: 10 da 2,500. Gado ɗaya, nas ɗaya, naƙuda iri ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Fabrairun 2025 ringit 1,700 ne, wato haihuwa lafiya lau tana cinye albashin wata ɗaya da rabi. Wanda ya ce zai gudu asibitin kuɗi, to can ma daga Yulin 2025 an ɗora wa baƙi harajin kashi 6 cikin 100 a kan abin da suka biya.

Yanzu sai maigida ya ce, ai muna da inshora. A nan nake roƙon ku saurare ni da kyau, domin wannan kalma ta kwantar wa gidaje da yawa hankali har ranar naƙuda.

Yawancinmu da bizar karatu muka shigo, ko ta rakiyar miji, ko ta aiki. Ɗalibi ba ya samun biza sai da inshorar da ake yanka ta hannun hukumar EMGS. Takardun da aka kawo mana muka karanta, ciki da haihuwa suna cikin jerin abubuwan da ba a biya. Katin asibiti da ake saye a kamfanoni ma galibi haka yake, sai dai in an sayi wani ƙari na musamman, shi ma yana da lokacin jira kafin ya fara aiki. Maƙwabtanmu leburori daga Indonesiya, Bangaladesh da Nepal suna da tasu inshorar ta dole mai suna SPIKPA, wadda aka fara a 2011. Ana biyan ringit 120 a shekara, tana ɗaukar kuɗin kwanciya a asibitin gwamnati har 20,000. Ita ma ba ta biyan awo, ba ta biyan haihuwa. Abin ya wuce nan: mace mai wannan bizar aikin ƙarfi ana yi mata gwajin ciki a binciken lafiyar da hukumar FOMEMA ke kula da shi, in an ga ciki sai ta rasa izinin aiki. 'Yan gudun hijira masu katin Majalisar Ɗinkin Duniya, irin 'yan'uwanmu Rohingya da Somaliyawa, ana rage musu rabin kuɗin baƙi. Amma doka ba ta ba su izinin aiki ba, to rabin ma daga ina?

Sai kuma wadda takardunta suka ƙare. Akwai umarnin Ma'aikatar Lafiya na 2001 da ya ce ma'aikatan asibitin gwamnati su sanar da hukuma in marar takardu ya zo. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ba zan tsaya a gabanku in ce babu shi ba.

Me duk wannan ke haifarwa? Jinkiri. Mace ta ƙi zuwa awo don tana tattalin ringit 40. Ta kai wata bakwai ba a taɓa auna jininta ba. Ranar da abu ya taso a kai ta asibiti babu littafi, babu tarihi, likita bai san jininta na hawa tun wata biyar ba. Duk wannan tsari na launi da ya ceci matan ƙasar nan, wadda ke cikin littafi kaɗai yake gani. Wadda ba ta yi rajista ba, ba ta da fari ba ta da ja.

Wani zai ce wannan maganar takarda ce, ina ruwanta da launin fata? Bari mu leƙa waje kaɗan mu dawo. A Amurka, a 2021, cikin kowace haihuwa 100,000 mata baƙaƙe kusan 70 ne suka rasu, farare kuma kusan 27. A can gwamnati na da inshorar marasa ƙarfi mai suna Medicaid, wadda ke biyan kuɗin haihuwa 4 cikin kowace 10 a ƙasar, a tsakanin baƙaƙen mata kuwa fiye da 6 cikin 10. Shekara da shekaru wannan inshora tana yankewa kwana 60 bayan haihuwa. Da aka bincika sai aka ga fiye da rabin mace-macen suna aukuwa ne tsakanin mako ɗaya da shekara ɗaya bayan haihuwa, wato da yawa a lokacin da kati ya riga ya mutu. A 2021 aka yi dokar da ta ba jihohi damar tsawaita ta zuwa wata 12, kuma kusan dukkansu sun karɓa. Kun ga yadda layi ɗaya a takardar gwamnati yake iya zama rai ko mutuwa, kuma nauyinsa ya fi sauka a kan waɗanda dama su ne a ƙasa.

Amma kuɗi ba shi ne duka ba. A Ingila asibiti kyauta ne, duk da haka rahoton 2018 ya nuna hatsarin mutuwar baƙar mace a ciki da haihuwa ya ninka na farar mace sau biyar. Serena Williams, 'yar wasan tanis da duniya ta sani, ta ba da labarin yadda bayan ta haihu a 2017 numfashinta ya fara sarƙewa. Ta san tana da larurar daskarewar jini, ta faɗa, aka ɗauka magani ne ya ruɗa ta. Sai da ta nace aka yi hoto, aka ga gudajin jini a huhunta. In mai wannan suna da dukiya sai da ta nace kafin a ji ta, ina ga ƙanwarmu da ba ta jin Malayanci, Turancinta ma kaɗan ne?

Saboda haka mu a nan kaya biyu muke ɗauke da su, na takarda da na fata. Na ga nas-nas da likitoci masu kirki ƙwarai a garin nan, ba zan ci amanarsu ba. Sai dai yawancinsu ba su saba da jikin baƙar fata ba, kuma akwai abubuwan da dole mu faɗa musu da bakinmu.

Ki faɗi in akwai sikila a danginki ko dangin mijinki. A nan sun fi sabawa da wata cutar jini mai suna talasimiya, ba lallai sikila ta zo musu a rai ba. Ki faɗi in an taɓa ce miki kina da ƙari a mahaifa, domin ya fi yawa a cikinmu kuma yana iya jawo zubar jini bayan haihuwa. Ki faɗi in mahaifiyarki ko yayarki ta taɓa yin jijjiga ko hawan jini da ciki. Ki faɗi in kin je gida kwanan nan, don in zazzaɓi ya zo a gwada maleriya, kada a tsaya a kan dengi kawai. Ƙarancin jini kuma ba ya nunawa a fatarmu yadda yake nunawa a tasu, sai an duba cikin ido da tafin hannu, mafi kyau a auna jinin. Ita kanta na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iska, bincike a Amurka a 2020 ya nuna tana iya nuna lamba mai kyau a baƙar fata alhali iskar ta yi ƙasa. In kina haki, ki ce kina haki, ko na'ura ta ce lafiya. Kawaici ado ne a gidan miji da gaban surukai. A gaban likita kuwa, mai ɓoye ciwo kansa yake cuta.

Iyayena mata, yanzu na zo kanmu, ku yi mini afuwa. Mun taso da kunyar cikin fari. Yarinya ba ta faɗa, uwa ba ta tambaya, sai ciki ya fito da kansa. A gida akwai gwaggo da inna masu ido, su gane tun kafin a faɗa. A nan yarinya tana hawa na goma sha biyar ita kaɗai, miji yana makaranta ko kasuwa tun safe. Babu mai ganin fuskarta ta kumbura. Ina roƙon kowace uwa a cikinmu ta ɗauki amaren da ke kusa da ita kamar 'ya'yanta, ta tambaya a asirce, ta ce tashi mu je.

Haka maganar jego. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a matanmu, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Kanwa gishiri ce mai ƙarfi, tana tara ruwa a jiki. Ban ce a bar gyaran jego ba. Amma wadda jininta ya hau lokacin ciki, a raba ta da kanwa. In mai jego ta fara kumburin ƙafa, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a jingine, wannan ba sanyi ba ne da za a ƙara mata ruwan zafi. Asibiti za a kai ta a ranar.

Alamomin da ba a jira da su, maza ku ma ku haddace: zubar jini ko yaya yake lokacin ciki, ko mai yawa bayan haihuwa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, ɗa ya daina motsi, numfashi ya yi wuya. In ɗaya ya faru a kira 999 ko a nufi sashen gaggawa na asibitin gwamnati mafi kusa. Ma'aikatar Lafiya ta sha faɗa cewa ba a hana mai larurar gaggawa magani don babu kuɗin ajiya. Za a bi ku bashi, za a yi tambayar takardu. Bashi ana biya, shari'ar takarda ana binta. Uwa in ta tafi ta tafi.

Wasu suna zaɓar komawa gida goyon ciki, kuma akwai hikima a ciki. A Gana an kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, daga Yulin 2008 kuma mai ciki tana yin rajista kyauta, awo da haihuwa suna ciki. A Nijar zuwa 2006 an yafe kuɗin awo da na tiyatar haihuwa a asibitocin gwamnati, ko da yake duk wanda ya yi jinya a can ya san wani lokaci sai ka sayo magani a waje. Wadda za ta tafi, a yanke shawara da wuri. Yawancin kamfanonin jirgi suna neman takardar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗauka bayan mako na 36. A san asibitin da za ta haihu a can, a san akwai jini da ɗakin tiyata, ta kuma tafi da littafin awonta. Abin da ba na so shi ne wadda ba ta yi rajista a nan ba don ana cewa za ta tafi, ba ta kuma tafi ba don kuɗin tikiti bai haɗu ba. Zaman jiran tsammani ke nan, kuma shi ya fi kowanne hatsari.

To me za mu yi? Abu biyar na kawo.

Na ɗaya, da zarar an tabbatar da ciki, kafin mako 12, a je Klinik Kesihatan na unguwa da fasfo, da takardar aure, da shaidar adireshi, a buɗe littafin awo da suke kira buku pink. A wurin biya a nemi farashin yau a rubuce. In takardu suna da matsala, a zo wurin kwamiti tun wannan lokaci, mu nemi asibiti mai zaman kansa mai sauƙin kuɗi ko na ƙungiyoyin agaji don awo, mu kuma fara gyaran takarda tun da sauran watanni.

Na biyu, maigida ya ɗauko takardar inshorarsa yau da dare ya duba shafin abubuwan da ba a biya. In Turancin ya yi nauyi, a kawo mu karanta tare.

Na uku, ajiya. A lissafina gida ya nufi ringit 5,000 zuwa 6,000 don awo, kuɗin ajiya, gado da abin da ba a zata ba. In aka fara tun wata na farko, wajen 625 ne zuwa 750 a wata har wata takwas. Da nauyi, na sani. Amma mun ga gidan da ya yanka rago biyu ranar suna alhali takardar asibiti tana nan ba a biya ba. Dattawa, ku ne za ku iya faɗa wa samari cewa taron suna yana iya ƙanƙancewa ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Na huɗu, asusun haihuwa na jama'a. Mun iya adashi, 'yan'uwanmu na Nima da Kumasi sun iya susu, ba wanda zai koya mana. In gida 40 suka zuba ringit 30 kowane wata, 1,200 ke nan a wata, 14,400 a shekara. Wannan ya isa kuɗin ajiyar mata biyar. A bayar rance babu ruwa, a mayar a hankali, wadda ba ta da hali kwamiti ya duba. Mutum uku su riƙe, ɗaya daga cikinsu mace, a karanta lissafi a wannan zama duk wata. Sharaɗi ɗaya nake ba da shawara: mai son cin asusun ta nuna littafin awo. Ta haka kuɗin zai kai mata asibiti tun da wuri.

Na biyar, kada mace ta je asibiti ita kaɗai. Muna neman mata shida masu jin Malayanci ko Turanci da za mu raba wa unguwanni, da maza uku masu mota da za a iya tasa cikin dare. Bayan haihuwa kuma a yi wa jariri rajista a ofishin JPN cikin kwana 60. Haihuwa a Malesiya ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa, don haka daga nan sai ofishin jakadancinmu don fasfo, sai shige da fice don biza. Yaron da aka bari babu takarda, uwarsa ce za ta ji tsoron kai shi rigakafi gobe.

Dokar kuɗin baƙi ba mu muka yi ta ba, kuma ba a zauren nan za a sauya ta ba. Akwai likitoci da masu bincike 'yan ƙasar nan da ke kira a sa ciki da haihuwa cikin inshorar baƙi, a kuma raba aikin asibiti da aikin shige da fice. Shugabannin ɗalibanmu suna iya rubuta wa jami'o'insu su nemi a ƙara haihuwa a inshorar iyali, ko da za a ƙara kuɗi kaɗan. In an kira mu ba da shaida, mu je mu faɗi gaskiya cikin ladabi. Kafin wannan ya tabbata, akwai mata a cikinmu da watansu ya kusa.

Takarda tana nan a bakin ƙofa. Shafi ɗaya na masu shiga asusu, ɗaya na masu rakiya, ɗaya na masu mota. Wadda ke da maganar da ba ta son faɗa a taro, ina nan bayan sallah a ɓangaren mata.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.